Ciwon Gaɓoɓi: A Ga Ɓarawo Kafin A Hana Kare Haushi

'Yan'uwa manoma, dukanmu mun san mutumin nan da yakan zo ranar kasuwa da akwati a bayan babur, da lasifika a hannu. Yakan ce yana da maganin sanyin ƙashi, da ciwon baya, da ciwon gwiwa, da gajiyar noma, duka a ƙulli ɗaya. In ka ba shi kuɗi sai ya ƙirga maka ƙwayoyi huɗu ko biyar a 'yar leda, ba suna, ba takarda. Ka sha da dare, da safe ka tashi garau ka ɗauki fartanya. Saboda haka ba wanda zai ce wa manomi maganin nan ba ya aiki. Yana aiki. Abin da nake so mu duba shi ne irin aikin da yake yi, da abin da mukan biya daga baya.

A ƙungiyarmu akwai wani dattijo da gwiwa ta dame shi. Damina biyu yana sayen ƙullin nan. Fuskarsa ta cika ta kewaye, har mutane suna yi masa barka da samun jin daɗi. Da yawan fitsari da ƙishirwa suka sa aka kai shi asibiti, sai aka tarar ciwon sukari ya kama shi, jininsa kuma ya hau. Likita ya tambayi abin da yake sha, ya fito da ledar. Gwiwar kuwa tana nan, ta ma fi da lalacewa. Bana ɗansa ne ya yi masa huɗa.

Ra'ayina shi ne mu daina shan maganin kumburin gaɓa kafin a san abin da ya kawo kumburin, ƙungiyoyinmu kuma su taimaki membobinsu su sami wannan sani. Ga dalilina.

Masu gadin jiki

Garkuwar jikin mutum iri biyu ce. Akwai wadda jiki yake koya bayan ya gamu da cuta, ita ce allurar rigakafi take horarwa. Akwai kuma wadda aka haife mu da ita, wadda ba ta bukatar koyo. Wannan ta biyu kamar karen gida take. Kare ba ya tambayar sunan baƙo. Da ya ji warin da ba na gida ba, sai haushi.

Cikin shekarar 1882 wani masani ɗan Rasha, Metchnikoff, yana zaune a Italiya, ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku wadda ake ganin cikinta. Kashegari ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi na jikinta sun taru sun kewaye ƙayar. Irinsu ne fararen ƙwayoyin jinin da muke da su, masu haɗiye ƙwayoyin cuta. Amma an yi fiye da shekara 100 kafin a gane yadda suke sanin baƙo.

Amsar ta fito ne daga ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Cikin 1985 masu bincike a Jamus suka bayyana wani abu a halittar ƙudan, suka sa masa suna Tol. Cikin 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna ƙudan da Tol ɗinsa ya lalace funfuna takan rufe shi ta kashe shi. Cikin 1998 Bruce Beutler a Amurka ya nuna ɓera ma yana da irinsa, kuma da shi yake jin warin bangon waɗansu ƙwayoyin cuta. Mutanen nan biyu sun sami kyautar Nobel cikin 2011. Yau an san mutum yana da dangin Tol guda 10. Waɗansu suna bisa fatar ƙwayoyin gadi, waɗansu suna cikinsu, kowane da irin warin da yake ji. Watau su ne hancin karen.

Da hancin nan ya ji wari, sai ƙwayar gadi ta saki waɗansu sinadarai na kiran gudummawa. Manyansu biyu likitoci suna kiransu TNF da IL-1. Su ne suke buɗe hanyoyin jini, ruwa da fararen ƙwayoyi su kwararo cikin gaɓa. Sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, fatar ta yi sheƙi, mutum ya kasa takawa. Kumburi ke nan. Haushin kare ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Akwai darasi a wurin ɓerayen da Beutler ya yi aiki da su. Hancinsu na huɗu, watau Tol na huɗu, a lalace yake, don haka dafin ƙwayar cuta ba ya ta da musu jiki kamar sauran ɓeraye. Amma in ƙwayar cutar kanta mai rai ta shige su, sun fi sauran saurin mutuwa. Gidan da karensa ba ya haushi ya fi shiru, ya kuma fi sauƙin sata.

Daga baya aka gane wani abu kuma. Hancin nan yana jin warin ɓarnar jikin mutum kansa, ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Abin da ya sa ke nan ciwon gaɓoɓi yake da iri da yawa, alhali a ido duk kumburi ne. Mu mukan haɗa su mu ce sanyi, ko amosani. Hunturu yakan sa mai ciwo ya ƙara jin jiki, gaskiya ne, amma ba shi ne tushen ciwon ba. Bari mu ɗauki iri biyar.

Na ɗaya: ƙwayar cuta a cikin gaɓa

Wannan ɓarawo ne na gaske. Gaɓa ɗaya, yawanci gwiwa ko kwatangwalo, ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi kamar wuta, ga zazzaɓi. In yaro ne sai ya ƙi takawa, ya yi kuka in an motsa ƙafar. Mugunya ce ta taru a ciki, kuma tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Guringuntsi kuwa in ya tafi ba ya komowa. Maganinsa a zuƙe ruwan da allura a asibiti, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni. Yara masu sikila sun fi saura haɗarin ƙwayar cuta a ƙashi. Tarin fuka ma yakan bar huhu ya zauna a ƙashin baya ko kwatangwalo, ya yi ta ci a hankali. In aka ba irin waɗannan marasa lafiya maganin kwantar da kumburi, zafi zai ragu, ƙwayar cuta kuwa ta sami sarari.

Na biyu: cutar da ke zuwa daga dabbobi

Makiyaya sun san bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari, ta kumbura mata gwiwa. Tana kama awaki da tumaki, tana kuma kama mutum. David Bruce ne ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta cikin 1887, cikin 1905 kuma aka gane ta madarar awaki take shiga mutanen tsibirin. Wannan ƙwaya ɓarawo ce mai dabara. Bangonta ba shi da wari mai ƙarfi, don haka Tol na huɗu ba ya jinta sosai. Takan shiga cikin ƙwayoyin gadin kansu ta ɓuya. Mutum zai yi ta zazzaɓi mai zuwa ya tafi, da gumin dare, da ciwon ƙugu da baya, wata da watanni. Sau da yawa a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifod ba sauƙi. Maganinta iri biyu ne a haɗe, na mako 6 a ƙalla, in ta shiga ƙashi kuma ya fi haka. Hanyarta ita ce madarar da ba a tafasa ba, da taɓa ɗan ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara. Duk mai shanun huɗa ko awaki, wannan magana tasa ce.

Na uku: gawut

Wannan yakan zo da tsakar dare, yawanci a babban yatsan ƙafa, da zafin da ko mayafi ba ya taɓuwa. Ya fi kama maza manya. Babu ƙwayar cuta a ciki. Wani sinadari ne na jini, yurik asid, ya yi yawa har ya daskare cikin gaɓa kamar 'yan allurai. Tun 1848 likita Alfred Garrod a Landan ya nuna yawansa a jinin masu ciwon. Cikin 2006 Jürg Tschopp da mutanensa a Suwizalan suka nuna yadda abin yake. In ƙwayar gadi ta haɗiye 'yan alluran nan, wani mai gadi na cikinta da ake kira NLRP3 yakan farka ya saki IL-1. Kare ya taka ƙaya a tsakar gida, yana haushi kamar an shigo.

Ku lura da wannan. Tashin gawut yakan kwanta da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, ko an sha magani ko ba a sha ba. Mai talla sai ya karɓi yabo. Amma alluran suna nan, ciwon zai komo, kuma ƙoda tana iya taɓuwa. Maganin tushensa, alofurinol, yana rage yurik asid, ana shansa kullum bisa umarnin likita. Giya da burkutu, da kayan ciki irin su hanta da ƙoda, da lemon kwalba mai yawan sukari, duka suna ƙara shi.

Na huɗu: cinyewar guringuntsi

Wannan shi ne ya fi yawa a cikinmu, shi ne na dattijon da na ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin 2019 mutum miliyan 528 ne suke da shi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne. Shekaru, da tsohon rauni, da ƙiba, da yawan durƙuso da ɗaukar kaya mai nauyi, su ne suke kawo shi. A da an ɗauka gogewa ce kawai, kamar yadda bakin garma yake cinyewa. Yanzu an san akwai ƙari. Ɓarɓashin guringuntsin da ya goge yakan faɗa cikin ruwan gaɓa, dangin Tol su ji shi, su ta da ɗan kumburi. Kumburin kuma ya saki abubuwan da ke ƙara narkar da guringuntsi. Haka abin yake ta zagayawa.

Babu ƙwayar da ke mayar da guringuntsi. Abin da ke taimako shi ne a ƙarfafa naman cinya da motsa ƙafa kullum, a riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, a rage kayan da ake ɗauka a ka. Mai ƙiba in ya rage kilo 1, nauyin da ke sauka a gwiwarsa kowane taku yakan ragu da wajen kilo 4. Zama wuri ɗaya yakan sa gaɓa ta ƙara sandarewa.

Na biyar: rumatoyid

A nan kare ya juya wa 'yan gida. Garkuwar jiki ce take far wa gaɓoɓin mai ita. Alamarsa ita ce yatsun hannu da wuyan hannu, dama da hagu tare, su kumbura makonni, da safe su sandare har sa'a guda ko fiye, mace ta kasa riƙe muciya ko ɗaura zane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 ne suke da shi cikin 2019, wajen kashi 70 cikin 100 mata. Shan taba yana ƙara haɗarinsa. Cikin 2009 masu bincike a Landan suka nuna wani abu da gaɓa mai ciwo take fitarwa da kanta yana ta tsokanar Tol na huɗu, ya hana kumburin mutuwa. Tun 1992 kuma, a Landan ɗin, Marc Feldmann da Ravinder Maini suka gwada allurar toshe TNF, marasa lafiya suka sami sauƙi ƙwarai. Allurar nan tana da tsada. Amma akwai tsohon magani mai araha, metotireksat, wanda in an fara shi cikin watannin farko yakan hana yatsu karkacewa. Sau ɗaya a mako ake shansa, shansa kullum yana iya kisa, mai ciki kuma ba ta sha, sai an riƙa auna jini. Ba maganin akwatin babur ba ne.

To, ga iri biyar, kowane da maganinsa dabam. Masana ma sun yi maganin toshe Tol na huɗu, suka gwada wa masu rumatoyid, sakamakon da aka buga cikin 2020 bai nuna amfani ba. In masu ɗakunan bincike ba su sami ƙulli ɗaya na dukan ciwon gaɓoɓi ba, ina mai lasifika ya samo nasa?

Abin da ke cikin leda

Yawanci abu biyu ne. Na fari dangin kotizon ne, watau deksametazon da firednisolon. Deksa shi ne wanda waɗansu mata suke sha don ƙiba, suna ce masa sha-ka-fashe. Tarihinsa abin koyi ne. Cikin 1948 likita Philip Hench a Amurka ya yi wa wata mace mai rumatoyid, wadda ciwo ya kwantar, allurar kotizon. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Cikin 1950 aka ba shi kyautar Nobel. Ba a daɗe ba likitoci suka ga ɗaya fuskar maganin: kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari, ƙashi ya yi rauni, yanar ido, jiki ya kasa yaƙi da cuta. Yana ma iya kashe kan ƙashin kwatangwalo, watau maganin gaɓa ya lalata gaɓa. Aikinsa shi ne ya ɗaure bakin dukan karnukan gida lokaci ɗaya.

Na biyu dangin dikulofenak ne, da ibufurofen da firoksikam. Suna rage zafi sosai. Amma in aka daɗe ana sha, ko aka haɗa biyu ko uku a ƙulli ɗaya, suna kawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Manomin da ya wuni a rana yana gumi bai sha ruwa sosai ba, ƙodarsa ta riga ta gaji kafin ya haɗiyi ƙwayar. In bayan gida ya zama baƙi kamar kwalta, jini ne, a tafi asibiti.

Ba na cewa magungunan nan guba ne. A hannun likita deksa yana ceton rai. Ibufurofen na 'yan kwanaki, bayan cin abinci, ga mai lafiyar ciki da ƙoda, yana da wurinsa. Laifin shi ne shan abin da ba ka san sunansa ba, don ciwon da ba ka san irinsa ba, wata bayan wata.

Na san abin da za a ce mini

Za a ce: malam, asibiti yana da nisa, kuɗin mota ya fi kuɗin ƙulli sau da yawa, damina kuma ba ta jiran gwiwar kowa. In ciyawa ta rufe gero, wa zai ciyar da iyali? Wannan magana gaskiya ce, ban raina ta ba. Mutum ɗaya shi kaɗai ba zai iya zaɓen asibiti ranar da noman firi yake jiransa ba. Amma ai dalilin da ya sa muka kafa ƙungiya ke nan. Mun haɗa kai mun sayi taki, mun haɗa kai mun ajiye hatsi har farashi ya tashi. Gwiwar manomi ba ta gaza buhun taki daraja ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba.

1. A ware ɗan abu daga asusu bayan kaka, na kuɗin mota da awon jini. Wanda ya karɓa ya biya da hatsi in ya girbe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Kowa ya haddace alamu uku da ba a kwana da su a gida: gaɓa ɗaya mai zafi tare da zazzaɓi, yaron da ya ƙi takawa, da baƙin bayan gida ga mai shan maganin ciwo. Alamu biyu kuma ba a bari su wuce wata guda: hannaye biyu masu sandarewa da safe, da zazzaɓi mai zuwa ya tafi tare da ciwon ƙugu ko baya.

3. In an je asibiti a faɗi labarin duka. Wace gaɓa ce, tun yaushe, da safe ya fi ko da yamma, ana kiwo ko ba a yi, an yi ɓari a garke, me aka riga aka sha. A tafi da ledar. A kuma tambayi sunan ciwon, a rubuta.

4. Wanda ya yi makonni yana shan ƙullin kasuwa kada ya daina rana ɗaya. In akwai deksa a ciki, jiki ya saba, ya rage yin nasa kotizon, dainawa farat ɗaya tana iya kayar da mutum. Ma'aikacin lafiya ne zai rage masa kaɗan kaɗan.

5. A tafasa madara kafin a sha ko a yi kindirmo. In dabba ta haihu ko ta yi ɓari, a sa safar hannu ko leda mai kauri, a binne ɗan ɓarin da mabiyiya da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a gaya wa malamin dabbobi.

6. Kada a yi tsaga ko sakiya a kan gaɓa mai kumburi. Aska takan buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa, ciwon da ba shi da ɓarawo ya samu.

7. Memban da likita ya ce ya huta, a yi masa gayya. Amalanken ƙungiya kuma ya ɗauko wa tsofaffi da mata dammunansu, kada su ɗauko a ka.

A taronmu na watan gobe mun shirya kowa ya zo da maganin ciwon jikin da ke ɗakinsa, mu zuba a tabarma, ma'aikaciyar lafiya ta garinmu ta karanta mana sunayen waɗanda ke da suna. Waɗanda ba su da suna kuma mu ƙirga su mu ga yawansu. Dattijon nan namu ya ce shi zai fara magana. Ina fata sauran ƙungiyoyi za su yi haka, su rubuto mana abin da suka tarar.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.